Zakin da Na Wanke

Hafsat, ɗauke babban yatsanki daga kan kwabon nan. Ban ce kin yi laifi ba. Duk Bahaushen da aka miƙa wa azurfa, kafin ya ce uffan sai ya murza ta da yatsa ya ga ko za ta yi haske, har ke da aka haifa a nan Maryland abin ya biyo ki. Ajiye shi a kan ƙyallen, ki mayar da hannunki cinya. Kai kuma Kabiru, sa wayar nan a aljihu. Na ji bayaninka sarai: a ɗauki hoto, waya ta faɗi sunan kwabo da garin da aka buga shi, a sa a intanet, a sayar. Da haka sana'ar take, da ban yi furfura a kanta ba. Kun tambaye ni abin da ya sa gurbi ɗaya a tiren nan yake da kati amma babu kwabo a ciki. Zan faɗa muku, sai dai hanyar da nisa. In kuna da tambaya ku yi ta da Turancinku, na saba.

Ni ɗan maƙeran fari ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a cikin birnin Kano yake ƙera zobe da warwaro da 'yan kunne na azurfa, kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake yi masa zuga. Tsoffin sulallan nan masu kan wata sarauniyar Turawa, waɗanda tsofaffin mata suke ƙullewa a tsumma, da idona na ga yana jefa su a wuta suna narkewa. Babu wanda ya taɓa tambayar yaushe aka buga su ko a ina. Azurfa ce, shi ke nan. Ƙa'idar gidanmu kuwa ɗaya ce: azurfa ba ta fita daga hannunmu da duhu. Ko ɗan gyara aka kawo, sai an tsoma ta a ruwan lemun tsami, a shafa toka mai laushi, a murza da yatsa a zagaye daga tsakiya zuwa baki, har sai ta ɗauki ido. Mayar wa mutum kayansa da dauɗa, a wurinmu raini ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, karatun kuma ya tsaya a hanya. Ina gyaran sarƙa da zobe a wani ɗan kanti a Takoma Park, sai wani tsoho mai shago ƙofa biyu daga namu ya kawo min tabaransa, ƙafa ɗaya ta karye. Ya tsaya a kaina yana kallon hannuna har na gama.

Ya ce, "Hannunka ba ya rawa. Kana son aiki?"

Shi ne Mista Emil, Bajamushe, mai sayar da tsoffin kuɗin ƙasarsu na shekara ɗari bakwai, ɗari takwas da suka wuce. Bakinsa bai taɓa iya cewa Sani ba, Zani yake ce min, ni kuwa na yi ta amsawa har ya bar duniya. Ni kuma Maigida nake ce masa, da Hausa, ya tambayi ma'anar sau ɗaya, ya gyaɗa kai.

Ranar farko ya ce in buɗe tafin hannuna, ya ɗora min wani abu. Wallahi ban ji nauyin komai ba. Kwabon azurfa ne, faɗinsa ya fi na murfin kwalba kaɗan, amma siririnsa kamar ɓawon albasa, bai kai giram ɗaya ba. Fuska ɗaya gare shi. Da guduma aka buga shi sau ɗaya, hoton ya taso ta gaba, ta baya kuma ya lotsa. Masana suna ce masa brakteyat, ni dai ɓawon albasa nake ce masa har yau. Maigida ya ce da irinsa mutane suke sayen burodi da gishiri a wancan zamani, in ana neman canji kuma a sa almakashi a raba shi biyu. Na ce a raina, wannan ko zoben jariri ba zai yi ba.

Aikin da ya fara ba ni shi ne awo. Ya zube min tire uku na wasu ƙananan kwabbai masu hoton tafin hannu a gefe ɗaya, gicciye a ɗaya gefen, na wani gari da ake ce wa Hal. A idona duk ɗaya suke. Ya ce in auna kowanne a sikeli, in auna faɗinsa, in rubuta. Sikelin nan da kuke gani shi ne, ko numfashi ka yi a kusa da shi sai lambar ta motsa, shi ya sa ake rufe taga kafin a fara. Ga ɗan gilashin dubawa, mai ƙara girman abu sau goma. Ga hantsaki mai bakin roba, don na ƙarfe yana barin tabo. Ga ƙyalle mai laushi. Ga littattafai a bayana, duk da Jamusanci, wasu sun girmi mahaifina. Sai fitila, wadda ita ce babbar cikinsu. Ba a haska kwabo ta sama. A gefe ake kwantar da hasken, ya bi fuskar kwabon a karkace, sannan kowane ɗan tudu da kowane ɗan zane ya fito da inuwarsa. Wayarka, Kabiru, ta sama take haskawa.

Kuma ko ta ga hoton, me za ta karanta? Yawancin waɗanda suka sassaƙa hatimin buga kuɗin nan ba su iya karatu ba. Kwaikwayon haruffa suke yi, wani a kife, wani a juye, wani ma ba harafi ba ne. In kuɗin wani gari ya yi farin jini a kasuwa, garin maƙwabta sai ya buga irinsa sak. Za ka ga kwabo biyu masu hoto ɗaya, tsakanin garuruwansu tafiyar kwana huɗu ce, abin da ya raba su kawai yadda bakin ya tashi, ko ɗigo uku a maimakon biyu. Ga kuma na jabu. A nan ne ƙirar gidanmu ta yi min rana. Azurfar da aka narka aka zuba a mazubi tana da ƙananan ramuka kamar fuskar waina, wadda aka buga da guduma kuwa tana da santsi da jijiya. Tun a sati na biyu na ware masa guda biyu na ce waɗannan zubi ne. Ya duba ya daɗe, ya ce haka ne. Daga ranar kaina ya fara kumbura.

Abu na ƙarshe da ya koya min a kwanakin nan shi ne kati. Kowane kwabo yana da ɗan katinsa da ke kwance a ƙarƙashinsa a cikin gurbi. A jiki ake rubuta garinsa, da zamaninsa, da nauyinsa, da hannun da ya fito, da duk wani aibi da yake da shi: tsagewa, lanƙwasa, huji, gyara. In an sayar da kwabo, katinsa yana bin sa. Na riƙe katin da aka rubuta kafin a haifi kakana, da tawada mai ruwan ƙasa, mutum uku sun ƙara layi a ƙasa, kowa da harafin sunansa. Maigida ya ce kwabo ba ya magana, katin ne bakinsa, kuma duk wanda ya sa hannu a kati ya sa wuyansa ne.

Abu ɗaya ne bai faɗa min ba. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai mai buƙatar a faɗa masa ba.

Tun da na shigo shagon, duhun kwabban nan yake damuna. Duk sun yi baƙi-baƙi, wasu da shuɗi-shuɗi a gefe. Na ɗauka tsufa ne ya hana Maigida kula da kayansa, ko ƙarancin ido. Na yi shiru saboda kayansa ne. Sai a sati na uku wani mai ciniki ya zo, Mista Kela, dattijo ne da ya yi aiki a wani ofishin zanen taswira na gwamnati a unguwar Southwest. Duk masu shigowa shagon ta kaina suke kallo su nemi Maigida. Shi kaɗai ne ya miƙo min hannu, ya tambaye ni garinmu. Da na ce Kano, ya ce ya san ta a takarda, har ya zana min siffar ganuwa da yatsa a kan tebur. Kun san yadda baƙo yake ji in an san garinsu.

Ya kawo ɓawon albasa guda ɗaya, na garin Buranshwaik, mai hoton zaki tsaye a kan wata ƙofar gari, jela a murɗe ta bisa baya. Ire-irensa suna da yawa, amma mai wannan ƙofar, cikakke, ba tsaga, ba a cika samu ba. Maigida da ya gan shi sai da ya gyara zama. Aka yi da Mista Kela zai bar shi ranar Alhamis a auna, a yi masa sabon kati, ya dawo ranar Asabar.

Na ce a raina, mutumin nan ya girmama ni, ba zan mayar masa da kayansa da duhu ba. A gidan wani ɗan'uwa nake zaune a lokacin. Na ɗebi toka daga kaskon turaren wutar matarsa, na tankaɗe ta a tsumma, na ƙulle a takarda. Da safe na sayi lemun tsami guda. Ranar Juma'a Maigida ya tafi gidan waya aika kaya. Na ɗora zakin a tafin hannuna na hagu don kada ya lanƙwashe, na ɗiga lemun, na shafa tokar, na murza da ɗan yatsa a zagaye, daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda aka koya min. Ban yi garaje ba. In gaya muku gaskiya, aikin ya yi kyau. Ko lotsawa bai yi ba, ya fito fari tas yana walƙiya. Na shimfiɗa shi a kan ƙyalle a tsakiyar tebur don Maigida ya gani da ya shigo.

Ya gani. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya matso, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Zani, me ka sa masa?"

Na ce, "Lemun tsami da toka, Maigida. Haka muke yi a gida."

Ya kunna fitila, ya kwantar da hasken ta hagu, ya miƙo min gilashi. Na duba. A ƙarƙashin cikin zakin, inda filin yake a buɗe, ga zane-zane sirara a zagaye, ɗaya cikin ɗaya, sawun yatsana. Sai ya yi min bayani a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Baƙin nan da na ɗauka dauɗa ce, shekaru ne suka kwanta a kan azurfar, shi ne shaidar cewa tun da aka tono kwabon daga ƙasa ba wanda ya taɓa fuskarsa. Masu tara su shi suke saye. Abin da shekara ɗari takwas suka yi, na cire shi kafin shayi ya huce.

Na ɗauka kora ce. Ya jawo sabon kati, ya ajiye alƙalami a gabana.

Ya ce, "Laifina ne da ban faɗa maka ba. Amma hannunka ne ya yi, hannunka ne zai rubuta."

Na rubuta garin, da nauyin, sannan a ƙasa: an goge shi da lemun tsami da toka, akwai zane a zagaye a ƙarƙashin cikin zakin. Na sa S.M., harufan sunana. Shi ne kati na farko da na taɓa sa wa hannu a rayuwata.

Ranar Asabar Mista Kela ya zo. Maigida ya sa ni na tsaya na faɗa masa da bakina. Ya kalli zakin, ya karanta katin, ya sake kallon zakin. Maigida ya ce zai saya a farashin da yake da shi kafin a taɓa shi. Mista Kela ya girgiza kai, ya ce ba don sayarwa ya kawo ba. Ya sa kwabon da katin a wani ɗan ambulan mai ruwan ƙasa, ya sa a aljihun ƙirji. Bai zage ni ba, bai kuma miƙo min hannu ba. Bai ƙara taka shagon ba.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi tare da Maigida bayan wannan. Na koyi karanta Jamusancin littattafan nan, ko da yake in Bajamushe ya yi min magana ba na jin ko rabi. Na ga masu ciniki iri-iri. Akwai wata tsohuwa da ta kawo gwangwanin alewa cike da rabi-rabin kwabbai, tana ba da haƙuri wai jikokinta ne suka karya. Na nuna mata bakin yankan a gilashi, na ce almakashin da ya yi wannan ya riga kakanninta zuwa duniya, ta yi ta dariya. Akwai wani malamin makaranta da yake zuwa duk farkon wata ya sayi mafi araha a tire, ya zauna awa biyu yana tambaya. Akwai masu kuɗi da ba sa tambayar komai sai wanne ne ya fi tsada. A ƙarshe idon Maigida ya tafi. Sai ya zama ni nake duba kwabo ina faɗa masa abin da na gani, shi kuma yana lumshe ido ya ce duba bayan kunnen, akwai ɗigo? In na ce akwai, ya faɗi garin. Da ya rasu, ba shi da ɗa, ya bar min shagon da littattafan da sikelin nan.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata. Mutane suna shigowa su ce ina mai shagon, in na ce ni ne, sai su ɗan zagaya su fita. Ba su saba ganin baƙin mutum mai hula zanna yana yanke hukunci a kan kuɗin Jamus ba. Waɗanda suka san ni sun tsaya, amma ba su da yawa. Ana cikin haka aka sayar da ginin, sabon mai gida ya ce ko in sa hannu a sabuwar yarjejeniyar haya mai tsada kafin ƙarshen Oktoba, ko in kwashe kayana.

A farkon watan ne wata mata ta shigo, ta ce sunanta Madam Rut, 'yar Mista Kela ce, mahaifinta ya rasu. Ta samu sunan shagon a tsoffin takardunsa. Tana so a tantance duk abin da ya tara, a sayar, in ɗauki kamashona. Da aka shigo da akwatin na buɗe durowa ta farko, na san in na sayar da wannan kaya shagon ya tsira, ba na shekara ɗaya ba ma. Mutumin ya iya zaɓe. Kowane kwabo da katinsa, a tsare.

A durowa ta ƙarshe na ga ɗan ambulan mai ruwan ƙasa. Tun kafin in buɗe na gane shi. Zakin ne. Amma ba fari ba. Irin takardar nan tana sa azurfa duhu, shekarun da ya yi a ciki sun mayar masa da baƙinsa, mai kyau, har da shuɗi a gefe. Na zazzage ambulan ɗin. Babu kati. A duk akwatin shi kaɗai ne ba shi da kati. Ban san ko Mista Kela ya yar da shi don kada ya riƙa ganinsa ba, ko ɓata ya yi. Allah ne ya sani, ba kuma zan ɗora wa mamaci abin da ban gani ba.

Na haska ta sama, babu komai. Na haska ta dama, babu komai. Na kwantar da fitila ta hagu, ƙasa sosai. Ga su nan a ƙarƙashin baƙin, zagaye cikin zagaye.

Akwai wani likitan haƙori a Virginia da ba ya tara komai sai kwabbai masu zaki. Labari ya kai masa, ya zo ranar Alhamis da gilashinsa. Ya duba ya daɗe, bai ga komai ba. Ya ce zai ɗauki zakin, ya haɗa da durowa biyu cur, in dai katina ya nuna ba a taɓa fuskarsa ba. Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Ranar Juma'a bayan masallaci abokina Alhaji Mamman, mutumin Damagaram da ya yi ritaya daga aikin rediyo, ya biyo ni shago kamar yadda ya saba. Na ba shi labari tun daga lemun tsami. Ya karɓi gilashi ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba sai kyanwa.

Ya ce, "Malam Sani, wa ya ce ka yi ƙarya? Ka rubuta gari, ka rubuta nauyi, ka ajiye alƙalami. Tsohon ya rasu, mai kayan ya rasu. Baƙin nan kuma ai ba kai ka shafa masa ba, Allah ne ya mayar masa. Ka bar butik ɗinka, shago sukutum, ya mutu a kan zanen da sai an kwanta a ƙasa ake ganinsa?"

Na ce, "Alhaji, in na bar layin nan fanko, likitan zai karanta shi a matsayin ba a taɓa ba. Ya faɗa min da bakinsa."

Ya ce, "To ita matar fa? Haƙƙinta fa? Kai ka ɓata, ita za ta yi asara."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ya faɗa. Kada ku ɗauka ni wani waliyyi ne. Na so shagon nan. Na jawo kati na rubuta gari da nauyi, na tsaya, na bar shi a haka har Asabar, ina shiga ina fita ina kallonsa. Ya yi kyau a haka, tsaf. Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk katin da na sa wa hannu a shekarun nan, ɗaruruwa, suna can a durowar mutane, kuma ba don komai suka yarda da su ba sai don sun san abin da na gani shi nake rubutawa. In na tsallake layi ɗaya don ya dace da ni, ban san me sauran suka zama ba. Kuma zanen nan ba na wani ba ne da zan ce ban lura ba. Yatsana ne.

Ranar Asabar da hantsi na ƙarasa katin: an taɓa goge shi da lemun tsami da toka, baƙin da ke kansa na baya ne, akwai zane a zagaye a ƙarƙashin cikin zakin, ana ganinsa da haske daga hagu. S.M.

Na kira Madam Rut kafin in kira likitan, don kayanta ne. Ta zo ta karanta a tsaye. Na faɗa mata komai, na ce ba zan ɗauki ko kwabo a kan zakin ba, kuma abin da ya ragu a darajarsa a cire daga kamashona.

Ta ce, "Tsaya in fahimta. Kai ne ka ɓata shi mahaifina yana da rai. Yanzu ya warke da kansa, kuma kai ne za ka sake ɓata shi da alƙalami?"

Na ce, "Bai warke ba, Madam. Rufuwa ya yi."

Ta ce, "Wa zai sani?"

Na ce, "Ni."

Ta juya ta fita. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Ranar Litinin ta zo da mutum biyu suka ɗauke akwatin gaba ɗaya. Ta tsame zakin da ambulan ɗinsa, ta bar katin a kan tebur. Likitan da na faɗa masa ya yi godiya a waya, ya ce to. Ƙarshen Oktoba na kwashe littattafai da sikeli na dawo ɗakin nan a Hyattsville. In kun bi ta wurin yanzu, gyaran farce ake yi a shagon.

Bayan wata bakwai ko takwas wani kundin gwanjo ya zo min ta gidan waya, daga wani babban gidan sayar da tsoffin kuɗi a wata jiha. Ina buɗawa na gan shi, hoto babba, an haska ta sama. A ƙasa an rubuta: baƙin asali, ba a taɓa shi ba. Ba na ce sun yi ƙarya da gangan ba, wataƙila ba su kwantar da fitila ta hagu ba. Na rubuta musu wasiƙa, na sa hoton katin a ciki. Ba su amsa ba. Aka sayar, ban san wa ya saya ba.

Yanzu ga abin da nake yi. Mutane suna aiko min da kwabbai in duba, in yi musu kati, in mayar. Ba yawa, amma ana ci, alhamdulillahi. Idona kuma ya fara bin hanyar na Maigida, shi ya sa da iyayenku suka ce kuna sha'awar sana'ar ban ce a'a ba. In za ku yi, tire uku na masu tafin hannu suna nan, da su za ku fara, kuma sai kun rufe taga.

Hafsat, miƙo hannunki, ki riƙe katin ta gefe. Karanta shi, Kabiru ya ji. Kwabban nan ba sa zama a hannu ɗaya. Mai shi zai tsufa, 'ya'yansa za su ɗauki akwati su nemi shago, haka abin yake tafiya. Ni ba na sa ran zan sake ganinsa. Ku kuna da shekaru a gaba. Zaki ne tsaye a kan ƙofar gari, jela a murɗe ta bisa baya, wataƙila a cikin ɗan ambulan mai ruwan ƙasa. In ya zo hannunku, ku kwantar da fitila ta hagu, ƙasa sosai, ku duba ƙarƙashin cikinsa. In kun ga zagayen, ku sa masa katinsa, ku faɗa wa mai shi cewa Sani ɗan maƙeran fari ne ya yi.